Toka a Gangar Lyall

Lyall ya ƙara ɗanyen reshen inabi a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe ya rufe cinyar ragon.

"Gasawa kake ko ƙonawa, tsoho?" in ji matarsa Glenys daga bakin ƙofa.

"Jar giya mai nauyi nama mai hayaƙi take so. Kowa a kwarin nan na Barossa ya san haka."

"Ai kuwa na san abin da kake son hayaƙin ya rufe."

Ya juya cinyar a kan wuta.

Bara, saura mako biyu a tsinke inabi, wutar daji ta ci tudun da ke bayan gonar. Ba ta taɓa itace ko ɗaya ba, amma hayaƙinta ya kwana uku a kan 'ya'yan. Yanzu giyar inabin nan, ganga arba'in, na jere a rumfa. Kalar ta yi, ƙamshin ya yi. Sai ka haɗiye, can ƙarshen maƙogwaro toka ta taso. In kana cin gasasshen nama kuwa, ba za ka ji ba.

Yau Despina za ta zo ɗanɗanawa. Gidan abinci gare ta a Adelaide, shekara goma sha tara tana kwashe giyarsa. In ta ƙi, labari zai zaga kwarin kafin Lahadi, ba mai sake tambayar giyar Lyall.

Ƙarfe ɗaya motarta ta tsaya. Ta fito tana tari.

"Lyall, wutar ce ta dawo?"

"Abincinki ne. Zauna."

Ya yanka mata wajen da ya fi baƙi, ya zuba giya. Ta ci loma, ta juya kofin, ta shinshina, ta kurɓa. Lyall ya zuba wa maƙogwaronta ido.

"Tana da jiki," ta ce. "Da wannan naman kam sun dace."

Ya saki numfashi.

"Ka san 'yata za ta yi aure a Oktoba," ta ci gaba. "Mutum ɗari biyu. Rago zan dafa irin na uwata, na tukunya, lemun tsami da tafarnuwa kawai. Giyar nan nake so a kowane tebur, da sunanka a jikin kwalba."

Glenys ta ajiye cokali. Ba ta dube shi ba.

Ragon tukunya. Babu garwashi, babu hayaƙi. Lyall ya ga mutum ɗari biyu sun haɗiye, sun juya kwalba suna karanta sunansa, sunan ubansa.

Ya miƙe ya janye farantin daga gabanta.

"Kai, ban gama ba!"

Ya shiga kicin ya dawo da busasshen burodi da ruwa. Ya kawo sabon kofi, ya zuba giyar a ciki.

"Kurkure bakinki. Ci burodin. Sannan ki sha, ki jira."

"Tsoho..." in ji Glenys a hankali.

"Bar ni."

Despina ta yi yadda ya ce. Ta riƙe giyar a baki, ta haɗiye, ta jira. Ƙuda na yawo kan naman. Lyall ya dafa bayan kujera.

"Toka," ta ce.

"Toka."

"Duka arba'in?"

"Duka."

Ta goge baki, ta ɗauki makullin mota.

"Gona biyar na zaga makon nan. Duk inda na je nama mai hayaƙi ake ba ni, har ƙirjina ya fara ciwo. Kun ɗauka jiya aka haife ni?"

Lyall ya sunkuyar da kai.

"Wannan ba zan saya ba, ko kwalba ɗaya. Ta shekarar da ta gabaci wutar fa, da saura?"

"Ganga biyu. Na ajiye wa kaina ne."

"To, ka sha ruwa bana. Aiko min su kafin Oktoba."