Yatsan Iya a Kan Sunan Wani

"Bakin tsohuwa ba madogara ba ne, Mu'minatu," in ji Dakta Abdulwahab, malamin da ke duba kundin bincikenta na kammala digiri. Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. "Karanta."

Ta riga ta haddace layin. A rumbun bayanan nan na intanet, wanda duk mai waya ke iya shiga ya gyara, an rubuta cewa marigayi Malam Jaji ne ya kafa makarantar matan aure ta unguwarsu a Kiyawa.

"Wallahi, Malam, kakata ce, Iya Hassana. A zaurenta aka fara, da alluna bakwai. Malam Jaji tabarmi biyu kawai ya ba da aro. Jikansa Sagiru ne ya rubuta wannan, shekarar da ya fito takarar kansila."

"To ki gyara mana."

"Sau uku ina gyarawa ana mayarwa. Wai ban kawo hujja a rubuce ba."

"Su kuwa sun kawo. Ga jarida, ga kundin ɗalibai biyu."

"Daga shafin intanet ɗin suka kwafa, Malam! Na duba, shafin ya girme su duka."

Ya cire tabarau ya murza idanu.

"Na sani. Amma ranar kare kundi, mai jarrabawa wayarsa zai ciro ya duba. Takardu uku a gefe guda, ke da kakarki a gefe guda. Ki sa Jaji ki fita bana, ko ki sa Iya ki maimaita shekara."

* * *

Ta sa Jaji.

Ta gaya wa zuciyarta cewa layi ɗaya ne kacal cikin shafi tamanin. Ta kai aka ɗinke kundin a Dutse, bango shuɗi, rubutu ruwan zinare. Tun daga tasha har Kiyawa tana rungume da shi a motar haya, tana jin nauyinsa kamar ta ɗauko tubali.

Bayan la'asar ta tarar da Iya a zaure. Matan sun watse, an jingine alluna a bango, ƙamshin tawada bai gama fita ba. Yanar ido ta rufe idanun tsohuwar, amma kunnenta ya gane takun.

"'Yar boko! An gama tatse ni an gudu, ko? Wata uku kina naɗar surutuna a waya, ko goro."

"Ga goronki nan, rigimammiya." Ta ɗora mata kundin a cinya.

Iya ta shafa bangon a hankali da tafin hannunta mai kaushi.

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina koya wa mata alif, ban taɓa shiga littafi ba. Ina sunan nawa? Ɗora mini yatsa."

Mu'minatu ta buɗe shafi na goma sha biyu. Ta kama yatsan Iya ta ɗora a kan sunan Malam Jaji.

Iya ta yi ta shafa wurin tana murmushi, kamar mai shafa kan jariri.

"Ashe gajere ne a boko," ta ce.

Hawayen jikar ya ɗiga a gefen yatsan, takardar ta jiƙe. Mu'minatu ta zare kundin ta rufe.

"Ba sunanki ba ne, Iya. Ba zan miƙa wannan ba. Su riƙe shekararsu, zan maimaita."