Ranar da Attahir Ya Saki Gonaki

Attahir bai daɗe da gadon rawanin maigari ba, a wani ƙauye yamma da Ollelewa, kuma rawanin ya hau masa kai sosai. Ko ruwa zai sha sai ya gyara zaman rawanin tukuna. Gero ya yi kyau bana, nasa ya shiga rumbu, na maƙwabtansa ma haka. Ranar kasuwa ya sa aka buga ganga, sanƙira ya yi shela cewa an saki gonaki, makiyaya su shigo su ci kara.

A ƙasar Damargu wannan ganga ba abin wasa ba ce. In an buga ta, duk abin da dabba ta ci a gona ta ci halal, ba ƙara ba ramuwa. Shi ya sa mahaifinsa ba ya bari a taɓa ta sai ya taka kowace gona da ƙafarsa. Attahir kuwa daga kan doki ya leƙa gonakin bakin gari, ya ce ai an gama.

Da hantsi washegari sai ga Kaltuma, tsohuwar da aka tafi da ɗanta aikin hanyar Nasara tun farkon damina. Shukarta ta farko ta ƙone, ta sake wata a makare, can bayan tudu. Ba ta durƙusa ba, ba ta yi gaisuwa ba.

"Attahir, gerona yana tsaye. Raƙuman makiyayin nan Rissa sun taso daga Tarka, yau za su iso. Me zan ci bana?"

Kunya ta rufe shi har wuya. Wani dattijo ya raɗa masa cewa ya tura samari da sanduna su kore garken. Wani ya ce tsohuwa ɗaya ce, a ba ta haƙuri. Attahir ya dube su duka biyun, ya ji ba wanda ya burge shi. Shi ya gayyaci makiyayan da bakinsa, kuma shi ya ƙi taka gonar.

Ya tuɓe rawani da riga, ya ce da makaɗi, "Buga ta gayya. Da ƙarfi."

Gari ya ruɗe. Mata suka bar daka, maƙeri ya bar wuta, masu ɗiban ruwa suka bar guga a bakin rijiya. Da suka ga maigari a gaba da magirbi a kafaɗa, yana gudu kamar wanda kura ta biyo, ai kowa ya bi. Maza suna kayar da kara, mata suna yanke zangarniya, tsofaffi suna ɗauri, ganga tana tashi. Attahir da ya kwana biyu bai yi aikin gona ba ya yanke a yatsa tun a kunyar gero ta farko, aka yi masa dariya, shi ma ya yi.

Sun ci kusan rabin gonar sai wuyoyin raƙuma suka ɓullo ta kan tudu.

Attahir ya tare su shi kaɗai, jikinsa duk ƙaiƙayi. Rissa, mai garken, ya dube shi daga kan raƙumi bai gane shi ba.

"Ina maigarinku? Mun ji an saki gonaki."

"Ni ne. An saki, kuma ba zan janye ba. Amma akwai gonar da ban duba ba. Ka ba ni zuwa la'asar."

"Dabbobin nan sun kwana da yunwa, maigari. Sun ga kara. Da me zan tsare su?"

Attahir ya waiwaya wajen gari. A bayan gidansa akwai harawar wake da ya tara tuli guda saboda dokinsa, abincin rani gaba ɗaya, kuma ba abin da yake so kamar dokin nan.

"Biyo ni," ya ce.

Da hannunsa ya ture shingen. Raƙuma suka afka wa harawar, shi kuwa bai tsaya kallo ba, don ransa ba zai iya ba. Ya koma gona a guje, ya tarar har 'ya'yan Rissa manya sun riga shi, suna ɗaurin dami irin nasu na kayan ayari. Kafin a kira la'asar aka yanke zangarniya ta ƙarshe, mata suka rangaɗa guɗa, makaɗi ya kusa fasa gangar.

Aka jeru zuwa rumbun Kaltuma, kowa da dami a ka. Attahir ya ɗauki na ƙarshe, wanda ya ɗaure da kansa, ɗaurin kuwa ba ya da kyau. Tsohuwar tana biye da shi tana tsintar abin da ya faɗi.

"Maigari, yi a hankali," ta ce. "Kana zubar mini da abinci."

"To, Inna," ya ce, ya rage sauri.