Awa Huɗu da Rabi daga Jidda

…awa huɗu da rabi, wai, in ji ƙanensa a waya. Ku jira ni, Yaya, awa huɗu da rabi ne kawai. Shi Malam Badaru za a gaya wa? Shekara ashirin da bakwai yana koyar da labarin ƙasa a Kunci, da zare yake auna wa yara a taswira: Jidda zuwa Kano, kilomita dubu uku da ɗari huɗu da 'yan kai. Taƙi ɗaya a bango. Shekara goma sha ɗaya ƙanensa Tasi'u yana shirin ƙetare taƙin nan…

Inna tana ɗaki, a miƙe. Tun hantsi Hure, matar Badaru, ta gama yi mata wanka, an sa likkafani. An haƙa kabari. Makara na jingine a zaure. Ga liman can gindin darbejiya, ya dubi rana, ya dube shi — gara zagi da wannan kallon.

Awa huɗu da rabi in kana cikin jirgin. In akwai jirgin yau. In maigidanka ya sakar maka fasfo. Tun da Sudan ta kama da wuta ma an ce kewaye ake yi. Sannan Kano. Sannan motar Ɗambatta, wadda ba ta tashi sai ta cika, wa ke cika mota a tsadar man nan? Sannan ɗan acaɓa. Jibi ke nan, in an yi wa lissafin sassauci.

Jibi. A bazara.

Wai a sayo ƙanƙara. Haka ya ce a waya, da muryar nan tasa da ta koyo "wallah" irin ta Larabawa. Ƙanƙara — kamar zoɓon sayarwa. Ina ma wutar da za ta daskarar da ita?

Dabino yake aikowa da azumi, kwali guda. Haƙoran Inna uku, tsotsa take, tana tara ƙwallayen a gwangwani. Na Tasi'u ne, ba a zubarwa. Shi kuwa da ke kai ta asibiti a bayan babur, a ɗaure da zani a ƙugunsa… "Badaru, kana gudu." Godiyarsa ke nan.

Hure na ƙara turaren wuta. Karo na uku. Ƙudaje sun fara gane hanya. Mutane sun bar sharar gona sun zo sun zauna, wasu ko koko ba su gani ba, suna ta motsa carbi don kada su motsa baki.

Magana ɗaya ce: a ɗauko ta. Shi ne babba. Ba a jiran kowa, kowa ya sani. Baba da azahar ya cika, kafin la'asar har an dawo an wanke ƙafa. To me ya riƙe masa baki tun safe? Tausayin ƙane? Haba. Duk wanda ya matso, sai ya ɗaga masa wayar: Tasi'u ne ya ce a jira. Sau nawa ya faɗa? Dalla-dalla yake faɗa, yadda na gefe zai ji, yadda zai kai kasuwa… har wani gardi-gardi yake ji a harshensa.

Ashe ba jira yake ba. Shaidu yake tarawa. Da gawarta yake ramuwa —

Liman ya miƙe yana kakkaɓe riga. Wayar ta sake ɗaukar ruri a tafin Badaru, ta yi ɗumi, ta jiƙe da gumi…