Motar da Ba Ta da Kuloci

Dillalin motar ne ya fizgi birkin hannu. Jar motar ta yi ƙara, ta karkace, ta tsaya cak a bakin shataletale, injin ya mutu. Sai a lokacin Malam Kuloci ya ga mai keken. Ga shi nan dab da fitilar hagu, ƙafa ɗaya a ƙasa, kwandon burodinsa ya tarwatse a kan kwalta.

"Baba, makaho ne kai?" in ji mai keken.

Shekara talatin da huɗu Malam yana koyar da tuƙi, shi ne mai fizgar birki idan ɗalibi ya yi shirme. Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba masa, don ba kalmar da ya fi daka musu tsawa da ita kamar kuloci. Yau ga shi an fizge masa birki a tsakiyar titi, cikin 'yar motar gudu mai kujera biyu wadda aka naɗe rufinta baya, ba inda mutum zai ɓoye fuska.

Ya fito, ya ba da haƙuri, ya taya mutumin tsince burodi. Da ya koma, dillalin ya gyara murya.

"Malam, ko in karɓa?"

"Zauna inda kake."

A giya ta biyu ya komo da su, yana juya kai dama da hagu kamar tsuntsu a kan waya.

Mako uku ke nan da likita ya gaya masa. Hawan jinin ido ne, ya fara cinye gani daga gefe. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkirtawa kawai zai yi, wata rana duniya za ta koma kamar ana leƙenta ta cikin bututu. Malam ya ninke takardar, ya cusa cikin tsohon littafin dokokin hanya. Ya ce wa matarsa gajiya ya yi, ya rufe makarantar, ya sayar da motocin koyo biyu. Da ta tambaye shi me zai yi da zaman gida, sai ya ce tun yana saurayi yake sha'awar mota marar rufi. Wannan gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba, yana so ya ga sama gaba ɗayanta tun tana da faɗi.

Irin motar guda biyu ce a filin dillalin, duk na hannu. Ja mai giyar hannu, da shuɗiya mai otomatik. Shuɗiyar ko kallonta Malam bai yi ba da suka zo da safe. A wurinsa otomatik kujerar falo ce aka sa wa taya.

Matarsa na zaune a benci ƙarƙashin rumfa, jaka a cinya. Tela ce, har yau ba ta yarda da keken lantarki ba. Ta miƙe ta zagaya jar motar, ta sa hannu bayan kujera, ta ɗago wani burodi da ya lotse.

"Baban 'yan biyu, gwajin mota kuka je ko cefane?"

Dillalin ya buɗe baki, ya haɗa ido da Malam, ya rufe. Sai ya koma kan sana'arsa.

"Hajiya, wannan ja ita ce ta maigida. Mutumin da ya san giya ai ba a ba shi otomatik, cin fuska ne. Kin ji yadda take shiga giya ta uku? Kamar wuƙa a cikin man shanu."

"Ban ji ba, ina nan zaune," ta ce.

Malam ya ɗora tafin hannu a kan sandar giyar. Ta yi santsi, ta ɗumama da rana, ta zauna masa a hannu daidai. Gaskiyar dillali ne, irin motarsa ke nan. Wata nawa zai more ta? Shida, ko takwas in an yi sa'a, in kuma bai kashe ɗan wani ba kafin nan. Daga nan sai a lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida, tayoyi su sace, kaji su samu ɗaki. 'Yan biyun duk sun yi nisa da aiki. Mutum ɗaya ce a gidan ban da shi.

Ita ce kuma kaɗai ɗalibar da ta gagare shi. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya kai ta wani hawa bayan filin ƙwallo. Sau bakwai motar na mutuwa a hannunta, sau bakwai yana tsawa. A na ƙarshe ya ce da buhun siminti ya ɗora a kujerar da ya fi ta jin magana. Ta buɗe ƙofa, ta gyara mayafi, ta taka har gida. Tun daga ranar ba ta sake taɓa sitiyari ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba.

Ya janye hannunsa.

"Buɗe min bonet ɗin shuɗiyar."

"Wacce?" in ji dillalin.

"Shuɗiya nawa gare ka?"

Dillalin ya buɗe, ya tayar da injin. Malam ya bari ya yi zafi, ya laluba ya zaro sandar gwada man giya, ya kai hanci. Ba ƙaurin ƙuna. Ya goga a farin hankici, ya miƙa wa matarsa.

"Duba min. Ja ne, ko ya yi baƙi?"

Ta dube shi kafin ta dubi hankicin. "Ja ne."

"Ba ɓurɓushin ƙarfe?"

"Babu."

Ya sa dillalin ya taka birki, ya kai ta giyar baya, ya dawo ta gaba, sau uku, shi kuma ya sunkuya yana saurare. Ba ta buga ba, ba ta yi jinkirin kamawa ba. Ya sa aka rufe rufin aka sake buɗewa, ya bi ɗinkin tamfol ɗin da yatsa, ya ce matar ta duba, tunda ɗinki fanninta ne. Ta ce an taɓa faci a kusurwar dama, amma wanda ya yi ya san aikinsa.

"Ita za mu ɗauka."

"Malam, kai da bakinka fa ka ce kujerar falo ce," in ji dillalin. "Kuma ka sani, wannan in baturi ya mutu ba a tura ta."

"Alhamdu lillahi," in ji matar. "Na tura motocinsa har ƙashin bayana ya haddace sunansu."

Dillalin ya tafi ofis haɗa takardu yana dariya. Suka rage su biyu a rana. Malam ya jujjuya makullin a hannu, sannan ya miƙa mata.

"Me zan yi da shi?"

"Ba ta da kuloci. Birki ne da totur kawai."

"Na ji. Me zan yi da shi?"

"Na ga kamar za ki ji daɗin koyo yanzu."

"Buhun siminti ya ƙare a kasuwa ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe kalma ɗaya ba ta ɓace mata ba.

"Maman 'yan biyu, na yi kuskure a ranar."

"Wannan na daɗe da sani. Ƙafar da ta shekara arba'in tana taka keken ɗinki ba ta rasa hankali ba, malami ta rasa." Ta gyara riƙon jakarta. "Ba shi nake jira ba. Ɗayan zancen nake jira."

"Wanne?"

"Wa kake zaton ya ɗauke 'yar kujerar da kake tuntuɓe da ita a ƙofar ɗaki? Wa ke kawar da kwalbar maganinka daga taga in rana ta hau? Littafin nan na dokokin hanya ni nake karkaɗe masa ƙura. Mako uku ina zuba maka shayi a gefen dama, kai kana ta ba ni labarin gajiya."

Wata babbar mota ta wuce a titi, ƙasa ta ɗan girgiza.

"Tunda kin sani..."

"Takarda ce ta gaya min. Ban auri takarda ba."

Ya daɗe yana kallon bakin takalminsa. Shi kaɗai yake gani sarai, filin duk ya narke a gefe.

"Idona yana tafiya," ya ce. "Ɗazu saura ƙiris in take mai burodin nan. Ban gan shi ba sam."

Ta miƙa hannu ta karɓi makullin.

"Sharaɗi ɗaya. Ka ɗaga min murya, in ajiye ka a bakin hanya. Wannan karon kai za ka taka."

Sau huɗu suka zagaya filin. Ya ce ta naɗe ƙafar hagu ta manta da ita, ta dama ce mai aiki, a hankali, kamar tana ɗinkin wuyan riga. Sau ɗaya ta taka birki da ƙarfi har hularsa ta faɗo cinya. Kalmar kuloci ta taso masa har leɓe, ya haɗiye, ya ce, "Da kyau." Ta harare shi. Dillalin ya kawo takardu, ya tsaya riƙe da su yana kallo.

Da suka fita titi, ƙafar Malam ta hagu sai danna ƙasa take, hannunsa na neman sandar da babu, yana cin karo da jakarta. Can ya haƙura. Ya kwantar da kai a jikin kujera. Ga sama nan, ba ƙarfe tsakaninsu, wayoyin lantarki na wucewa, rassan itatuwa, wani farin gajimare da ya yage a tsakiya. Shekara talatin da huɗu yana bin wannan hanya bai taɓa sanin benen kusurwa yana da tukwanen furanni a samansa ba.

"Ana ta yi mana ham a baya," ta ce, hannu biyu a sitiyari.

"Su yi. Riƙe layinki."

Usur ya katse su. Ta dubi madubi.

"Ɗan sandan hanya ne. Ya ce in tsaya."

Malam ya tuna ba ta da lasisi. Allon ɗan koyo ya tafi da motocin da ya sayar. Ta gangara gefe, ta tsaya lafiya lau, ko girgiza babu. Ya ji takun takalmi a kan tsakuwa, sannan wata murya da bai sani ba.

"Sannunku. Hajiya, lasisi."

"Ɗalibata ce," Malam ya yi saurin cewa. Ya zaro katinsa daga aljihu, ya gyara zama, ya miƙa ta gefen ƙofarsa da irin isar da ya saba. "Ni ne malaminta."

Ba wanda ya karɓa. Katin na rataye a iska. Ya ji yatsun matarsa sun taɓa gwiwarsa.

"Malam," in ji muryar daga gefen matarsa, a hankali, "ga ni ta wannan gefen."