Final da Suruki

Duk wanda ya san Halilu tela a unguwar Briqueterie ya san keken ɗinki ba shi ne a gaba a zuciyarsa ba. Almakashi FC ce a gaba, ƙungiyar ƙwallon da ke zaune cikin wayarsa. Wasan ba na gudu da zufa ba ne. Kai ne koci: ka zaɓi 'yan wasa, ka jera su, ka tsara dabara, in lokaci ya yi na'ura ta buga wasan kai kuma ka zuba ido kana addu'a. Teloli da mahauta da masu shagunan unguwa sun haɗa gasarsu, kuma tun da Halilu ya zo daga Gusau yake bin kofin nan bai taɓa riƙe shi ba. Bana ya kai final. Da ya ga sunan ƙungiyar da zai kara da ita, sai da ya ajiye waya ya yi salati.

Bijiman Benuwe ce, ƙungiyar Alhaji Mohaman Bello, surukinsa.

Alhaji tsohon mahauci ne, mutumin Garwa, da ciwon gwiwa ya zaunar a zaure. 'Yarsa Saliha, matar Halilu, ita ta saka masa wasan don ya rage kewa. Halilu kuwa ko ruwa ba ya sha a gaban Alhaji. In ya hango shi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Yanzu wai wannan mutumin zai zuba wa ƙwallaye a raga, unguwa tana kallo.

"Ai kofi ya zo gida," in ji Baballe, maƙwabcinsa mai sayar da yadi. "Bijiman nan ko tafiya ba su iya ba. Ka yi musu biyar ka huta."

"Surukina ne fa."

"To shi ne a raga?"

Halilu bai yi dariya ba. Yana son kofin nan har cikin ransa, amma abin da ya fi so shi ne Alhaji ya gan shi da daraja, kada a ce baƙo ya auri 'yar mutum sannan ya wulaƙanta shi a bainar jama'a. Ya kai wa Saliha damuwarsa tana tsintar shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malam, ka buga wasanka. Baba ba yaro ba ne."

Bai ji ba. Maza irin su Halilu in suka tambayi mace shawara, sun riga sun gama yanke tasu.

Ranar wasa bayan la'asar shago ya cika, har wani ya zauna kan ɗinkin mutane. Halilu ya juya wa jama'a baya, ya kwashe gwanayensa kaf ya zaunar a benci, ya cika fili da yaran da ba su taɓa shiga wasa ba. Aka take. Abin haushi, yaran nan ma sun fi ƙarfin Bijimai. Sai ga koci yana zufa yana roƙon Allah kada ƙungiyarsa ta ci. Ƙwallo ta daki ƙarfe, shago ya yi ihun takaici, shi kaɗai ya ce alhamdulillahi a ɓoye. Bijimai suka yi ta yawo ba su ko leƙa raga ba, har dai wani mai tsaron bayan Almakashi ya tausaya wa kowa ya ci gida. Ɗaya da nema aka tashi. Baballe ya dube shi, ya girgiza kai, ya koma wajen yadinsa.

Washegari Halilu ya sa sabuwar riga ya je taya murna. Ya durƙusa a bakin zaure, kai a ƙasa.

"Baba, barka da nasara."

Alhaji yana kan tabarma, ya miƙe ƙafar mai ciwo.

"Halilu, na ga waɗanda ka sa a fili."

"Baba, 'yan wasan ne suka gaji..."

"A cikin waya suka gaji? C'est pas sérieux, zancen banza. Yaran mahauta duk haka suka yi mini. Remplaçants, remplaçants, 'yan benci zalla. Ɗayansu ma, Alim, gardien ɗinsa, mai tsaron raga, ya cire gaba ɗaya. Suna tsammani ban gani ba. Na ce ba komai, a finale zan haɗu da Halilu, shi ɗan Najeriya ne, ba zai ji kunya ba. Tun farkon saison, tun da aka fara gasar nan, nake jiran mutum ɗaya ya buga da ni da gaske. Ɗana, gwiwata ce ta mutu, ba kaina ba."

Kunyar da Halilu ya guda sai ga ta ta same shi ninki. Tausayin tsohon ya kama shi.

"Fito da wayarka," in ji Alhaji. "Match amical, wasan sada zumunci, yanzu. Ka sa na gasken. In na ga yaro ɗaya a fili, kada ka ƙara gaishe ni."

Halilu ya jera gwanayensa. Kafin hutun rabin lokaci an zuba wa Bijimai huɗu. Duk ƙwallon da ta shiga sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Alhaji kuwa ya manta da gwiwa, ya tashi zaune, yana zagin golansa da Fillanci, yana dukan tabarma. Da ta bakwai ta shiga ya ƙwala kira cikin gida, muryarsa cike da murna:

"Saliha! Zo ki ga abin da mijinki yake yi mini!"