Hannayen Olive

Madam Constance, shugabar ma'aikata, ta miƙo wa Atine maɗauran zane guda biyu.

"Ɗaure ta a kujera. Jiya har bakin titi ta kai."

Atine ta dubi tsohuwar. Olive, mai shekara saba'in da tara, tana zaune bakin taga da jaka a cinya, ta kafa hula kamar mai jiran mota. Wata bakwai ke nan Atine, 'yar Kafanchan, tana aiki a wannan gidan tsofaffi na Wheaton, a Amurka, ba ta taɓa ganin wani ya leƙo matar ba. Ɗan Olive guda yana Annandale, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

"Yau Laraba," in ji Olive. "Ana cin kasuwar tumaki. Zan tsallaka gada in kai wa babana abinci a masaƙa."

Atine ta san gadar nan kamar ta taka ta. Kullum in tana yi mata wanka, Olive kan kai ta ƙaramin garinsu na Ingila a cikin labari: gadar dutse mai baki uku, masaƙar ulu da ke busa ƙaho da asuba, shekarar da kogi ya cika har limamin coci ya zo ibada cikin kwalekwale, yara suna ta dariya. Ta manta sunan sojan Amurkan da ya auro ta bayan yaƙi, amma ba ta manta kalar ƙofar kowane gida a layinsu ba.

"Madam, ba ta cutar da kowa," Atine ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ke kuma takardar izinin aikinki fa? Har yau ban gani ba."

Atine ta durƙusa ta ɗaure. Olive ta yi ta fizga tana kiran babanta, har fatar wuyan hannunta ta saluɓe.

* * *

"A garinmu wanda ya ɗaure tsohuwa, ai ya jawo wa kansa baki," Atine ta ce wa mijinta Jerome washegari da safe, tana zuba masa shayi.

Jerome ya ajiye littafinsa. Saura shekara ɗaya ya gama karatun haɗa magunguna a jami'a, ita kuma rakiya ta zo, doka ba ta ba ta damar aiki ba.

"Maman Ladan, nan ba garinmu ba ne. Waya ɗaya matar nan za ta buga, 'yan imigireshan su kwashe mu, har da yaron. Ki rufa mana asiri."

Daga ranar, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai gaban Atine ya faɗi. A bas, duk mai baƙar kwat ɗan sanda ne a idonta. Olive kuwa aka ƙara mata ƙwayar barci. Labarin garinsu ya riƙa raguwa, yau masaƙa ta ɓace, gobe kogi, har ya zama sai dai kai a sunkuye da yawu a haɓa.

* * *

A watan Oktoban 1986 aka ce mai bincike na zuwa daga hukuma. Tun safe aka kwance tsofaffi, aka taje masu kai, aka jera furanni. Madam ta sa aka saka wa Olive riga mai dogon hannu.

Mai binciken, wata mata mai tabarau, ta tsaya gaban Atine da alƙalami.

"Ke ce mai kula da ita? Akwai abin da ya kamata in sani?"

Madam na tsaye bayan matar, tana murmushi. Atine ta ji maganar ta taso har maƙogwaro. Ɗage hannun rigar Olive kawai za ta yi, ba sai ta ce komai ba. Ranar ba a ba Olive ƙwaya ba, idanunta tar a kan Atine. Atine ta tuna Ladan yana makaranta, yana jiran ta zo ɗaukarsa ƙarfe uku.

"Babu," ta ce. "Lafiya lau take."

Matar ta rubuta, ta yi gaba.

Motarta ba ta gama fita daga harabar ba Madam ta buɗe durowa, ta ajiye maɗauran a kan tebur, ta wuce.

Atine ta ɗauka, ta durƙusa gaban kujerar, ta kasa ɗaga ido. Tana nan durƙushe, Olive ta naɗe hannayen rigarta da kanta, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora hannuwanta a kan katakon kujera.

"Kada ki matse sosai, 'yata," in ji ta.