Ranar da Na Ƙwace wa Smaranda

Ni ke yi wa Mama wanka, ni ke tuƙa mata tuwon masara da cuku, ni ke shafa mata mai a gwiwa. Ƙanwata Smaranda tana can birnin Suceava, sai ta ga dama take leƙo mu da ɗan kwalin alewa. Amma tambayi Mama wace ce mai farar zuciya a 'ya'yanta, za ta ce Smaranda, sama ma ta shaida.

Shaidar kuwa a kwanakin farkon Maris take, lokacin da ake cewa hunturu, kamar wata tsohuwa, yana tuɓe rigunansa na fata ɗaya bayan ɗaya. Kowace mace a ƙauyenmu takan zaɓi kwana ɗaya nata a cikinsu tun Fabrairu bai fita ba. In gari ya yi haske a ranarki, halinki mai kyau ne. In dusar ƙanƙara ta zubo, to cikinki da ɗaci. Tun muna yara, ranar huɗu ga wata Smaranda ke ɗauka, kuma kullum garau. Ni kuwa duk wanda na taɓa sai sama ta ɗaure fuska.

Ina kishinta, ba na ɓoyewa. Ba gida nake nema ba, ba gona ba. Sau ɗaya kacal nake so Mama ta dubi sama ta ce ni Profira ma mutuniyar kirki ce.

Bana sai na ɗauki burodi mai zafi na hau tudu wurin Tudose, tsohon makiyayin tumaki, wanda ke gane yanayi daga hayaƙin murhu da ciwon ƙugunsa.

"Kawu, yaushe gari zai yi haske?"

"Ke Profira, da furfurarki za ki yi wa sama maguɗi?"

"Ci burodinka ka ba ni amsa."

Ya gutsura, ya dafa ƙugu. "Huɗu tas za ta waye. Shida kuwa ko kare ba zai fita ba."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Smaranda ta zo. A gaban maƙwabta na ɗaga murya na ce, "Bana huɗu tawa ce, na riga kowa."

Mama ta saki baki. Smaranda ta kwashe da dariya. "Haba Yaya, a kan wannan kike kumbure-kumbure? Ɗauki. Wanne kika bar min?"

"Shida."

"To na karɓa."

Kai, daɗi kamar ya kashe ni!

Huɗu ta waye yadda Tudose ya faɗa. Ƙanƙarar rufin ɗaki na ɗiga, kaji sun fito suna tono. Na ɗaura sabon ɗankwali, na tallabo Mama na zaunar da ita a ƙofar gida, na tsaya inda za ta gan ni sosai.

"Mama, kin ga gari kuwa?"

Ta lumshe ido tana shan hantsi. "Na gani. Allah sarki, sama ba ta san an yi canji ba. Don Smaranda ta washe."

Na ce a raina ba komai, shida na nan tafe.

Shida kuwa ta zo da fushinta. Iska na dukan taga, dusar ƙanƙara ta rufe hanya har ba a ganin shingen maƙwabta. Na kawo wa Mama miyar wake, na yaye labule don kada ta ce ba ta gani ba.

"Mama, yau fa kwanan 'yar lelenki ne. Ji yadda sama ke yabon halinta."

Ta daɗe tana kallon waje. Sai na ga tana share hawaye da bakin mayafi.

"Yarinyar nan tawa," ta ce. "Ta ɗauke wa yayarta ƙanƙararta ta aza a kanta, ko ƙorafi babu. Ke Profira, kin taɓa yi wa wani haka?"

Sannan ta buɗe baki. Na hura miyar don kada ta ƙone ta, na kai mata cokali.